Sunan Da Ka Raɗa Wa Ciwon Babana

Zuwa ga Malami,

Ruwan farko mai sauka kan ƙasar da rana ta gasa! Inuwar tsamiyata a tsakiyar bazara, zumar da aka ɗebo da sanyin safiya, gulbina mai tafiya a natse, wanda in ya buɗe baki kurciyoyin zuciyata kan sauka su yi tsit! Sallama irin ta addini a gare ka, da gaisuwar wadda ta miƙa maka zuciyarta ɗungurungum, ba ta gutsuri ko ɓarɓashi ta ɓoye ba.

Karanta waɗannan sunaye a hankali, masoyina, domin ina nufin kowanensu har cikin raina, amma da ɗaci a bakina nake rubuta su. Ban taɓa sanin ana iya son mutum kamar rai, kuma a ji tashin zuciya da aikin hannunsa a lokaci guda ba, sai yanzu. Ka san warin albasar da ta ruɓe a tsakiyar rudu, rumbun ajiyarta, wadda daga waje ɓawonta ja ne mai sheƙi, sai ka ɗaga ta ta narke maka a tafin hannu? Wannan warin nake ji a hancina tun ranar da na ga abin da ka yi. Na wanke hannu, na wanke fuska, na turara ɗaki, bai tafi ba.

Ka kashe wayarka, ka gudu Maiyama ka kulle kanka. Yayarka Aminatu ce ta tako har Katanga ta ba mu haƙuri, idonta jawur, ta ce kana rantse-rantse sai ka ƙona littafin kowa ya huta. Ita na ba wannan takarda ta kawo maka, tun da takarda ba ta da maɓallin da za ka danna ka kashe ta.

Ka tuna yammacin nan a Aliero, muna ɗalibai, lokacin cirar albasa? Mun fito daga darasi muka zauna a bakin fadama, iska na kaɗa lawashi kore shar har iyakar ganin ido, balbelu na bin masu ban ruwa kamar an watsa auduga. Ka gama karanta mini wani gajeren labarinka, na tambaye ka sunansa, ka dafe kai ka yi dariya. Ka ce rubuta labari kamar noma ne, kowa ya jure zai girba, amma raɗa masa suna kamar kamun kifi ne da hannu, kana cewa ka riƙe ya sulɓe. A ranar na ji na yarda da kai. Na ce a raina, mutumin da ke jin tsoron kalma ɗaya haka ba zai taɓa wasa da mutuncin kowa ba. Wayyo ni! A ranar ce na kwance maka ƙullin da ban taɓa kwance wa wani ɗan Adam ba.

Bari in maimaita maka shi, tun da alama ka manta da nauyinsa.

Ina ƙarama yayana Sirajo ya bi motar albasa daga Aliero za shi Kudu, motar ta kife gaba da Maiyama, aka kawo mana shi a naɗe. Babana, Malam Kalilu, shi ya yi masa wanka, shi ya sa shi a ƙasa, ko ɗigon hawaye ba a gani a idonsa ba. Mutane suka yi ta yaba tawakkalinsa. Sai wata safiya ya fita ba takalmi, ya miƙe har bakin babban titi, ya fara ɗaga wa manyan motoci hannu yana tambayar direbobi ko sun ga ɗansa. Washegari ya koma. Jibi ma haka. Innata A'i, matar da ba ta taɓa taka bakin titi da rana ba, ta yafa mayafinta, ta ɗauki takalmansa a hannu ɗaya, gorar ruwa a ɗaya, ta bi bayansa. In ya tsaya ta tsaya daga nesa. In direba ya zage shi ta ba da haƙuri. In kwalta ta yi zafi ta ajiye masa takalman a gabansa. In rana ta yi ja ta matso ta ce, "Malam, yau bai biyo ba, mu koma gida." Kullum rigarsa wankakkiya, kullum hularsa a kansa, don ita ke wankewa, ita ke ɗora masa. Haka damina ta wuce, wata ta zagayo, ana addu'a, ana karɓo magani a asibiti, har Allah Ya mayar masa da hankalinsa. Ya koma fadamarsa, ya koma sahunsa na gaba a masallaci, garin kuma ya yi masa karamci, aka rufe zancen kamar yadda ake rufe rijiyar da ta taɓa cin mutum.

Kai ka ce wannan labari bai kamata ya mutu ba. Ka durƙusa gaban Inna ka roƙa, na shiga tsakani na roƙar maka Baba, ya ce ya yarda in dai za a sauya sunaye a sauya gari. Ka sauya. Kuma ka rubuta shi, ya hasken idona, ka rubuta shi yadda ban taɓa ganin an rubuta abu ba! Na yi kuka a kan shafukan nan har tawada ta jiƙe. Ka sa zafin kwalta ya ƙona tafin ƙafata ina zaune cikin ɗaki. Ba ka bar wa mai karatu ko ƙofar allura da zai yi wa mutumin nan dariya ba.

Sai suna ya gagara. Na sani, ina wurin. Wata da watanni kana kira na, yau ka ce *Takalma a Hannu*, gobe ka ce a'a, ya yi kama da tallan kasuwa. Ka ce *Bakin Titi*, ka dawo ka ce ba ya da rai. Na ce maka *Yau Bai Biyo Ba* ya kwanta mini, ka ce yana da kyau amma muryarsa ta yi ƙasa, wa zai ji shi cikin hayaniyar duniya? Ban yi fushi ba. Na ga ramar da ka yi. Na san suna ba abin wasa ba ne: shi ne zauren gida, daga shi baƙo ke gane ko gidan mutunci ya shigo. Dubu za su ji suna, ɗari su buɗe littafi, goma su kai ƙarshe. Abin da ka faɗa a kalma biyu ya fi abin da ka faɗa a shafi ɗari tafiya nesa. Kai ka koya mini wannan, da bakinka! To yaya aka yi malamin ya faɗi jarrabawar da shi ya tsara?

Ammar aka yi. Ammar mai shagon ɗaukar murya a Jega, wanda ke karanta littattafai yana zuba su a waya mutane na saurare. Tun ranar da ka haɗa ni da shi jinina bai haɗu da nasa ba: baki kamar an shafa man shanu, ido kamar na angulu a mahauta. Ka kai masa labarin ya karanta, kuma don ka burge shi ka gaya masa da gaske ya faru, har ka faɗi garin.

Ina makarantar da nake koyarwa, lokacin tara, wata abokiyar aikina ta miƙo mini wayarta tana ƙyalƙyala dariya, ta ce, "Umaima, ba garinku ba ne wannan?" Na duba. Hoton wani mutum ne cikin tsumma, gashi a cukurkuɗe, sarƙa a ƙafa, baki buɗe yana dalalar da miyau. A samansa, da jajayen haruffa manya-manya: *Mahaukacin Katanga*. A ƙasa, sunanka.

Tir! Tir da wannan suna, tir da bakin da ya fara furta shi, tir da yatsan da ya buga shi! Na fita bayan aji na amayar da duk abin da na karya da shi. Ashe za a iya tuƙa tuwo mai kyau haka a zuba shi a kaskon kare? Ka yi wata da watanni kana saƙa wa tsoho rigar mutunci zare bayan zare, sannan ka tsaya a tsakiyar kasuwa ka tuɓe masa ita da kalma biyu! Mahaukaci nawa aka taɓa yi a Katanga da ke tare motoci? Me sauya sunaye ya amfana, bayan ka kafa allo a goshin littafin kana nuna ƙofar gidanmu da yatsa? A ina ka taɓa jin an tara jama'a, an yanka rago, an raba goro, sannan liman ya raɗa wa jariri sunan cutar da aka haife shi da ita?

Ranar kasuwar albasa Baba ya kai kayansa Aliero, bai san komai ba. Wani dillali da suka daɗe suna hulɗa ya tare shi da fara'a ya ce, "Malam Kalilu, ashe ka yi suna a duniya!" Wasu da ke zaune kan buhuna suka tuntsire. Ɗaya ya miƙe ya ɗaga hannu yana kwaikwayon mai tsayar da mota. Yawancinsu ko minti ɗaya na labarin ba su saurara ba, Malami. Sunan kawai suka gani, kuma ya ishe su. Baba ya ɗaure bakin buhunansa, ya dawo gida da kayansa, ya shiga ɗaki. Inna ta kai masa abinci ta dawo da shi yadda ta kai. Na ga matar nan ta zauna a ƙofar ɗakinsa tana kallon ƙafafunsa, na san abin da take tsoro, kai ma ka sani.

Washegari na hau mota na sauka Jega, na shiga shagon Ammar ba sallama. Ya juyo da kujerarsa yana murmushi.

Na ce, "Wa ya ba ka izinin sa wannan suna?"

Ya ce, "Haba amarya, kwantar da hankalinki. Dubi yawan waɗanda suka taɓa shi tun jiya. Wa zai tsaya don takalma? Mutane hauka suke so, da jini, da tonon asiri. Suna shi ke jawo kunne, in sun shigo sai su ji wa'azin."

Na ce, "Ubana ne."

Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "To ai ni ban san shi ba. Kuma ban yi gaban kaina ba. Na kawo shawara, angonki da bakinsa ya ce in sa."

Da mari ya yi mini da ya fi sauƙi. Na shiga shagon nan ina da yaƙinin sace maka aiki aka yi, na fito na san da yardarka aka yi. Ammar ƙuda ne, ƙuda kuwa ba a yi masa fushi don ya sauka kan ƙazanta, halinsa ke nan. Amma kai? Kai da ka zauna kan tabarmarmu, ka sha furar da Inna ta dama da hannun da ya riƙe takalman nan? Ka gaji da nema, ka ji tsoron kada aikinka ya nutse ba wanda ya ji, sai ka zama giginya, na nesa suka sha inuwarka, mu da ke gindinka rana ta cinye mu. Na sani ka kira Ammar daga baya ka sa ya sauke. Amma abin da ya shiga waya ya shiga duniya, ruwan da ya zube a yashi ba a kwashe shi da ludayi.

Yanzu kuma wai za ka ƙona littafin. Wallahi wannan ya fi na farko ba ni ƙyama! Ka tura mu rijiya, sannan ka ce za ka tsinke igiyar guga don nuna nadama? In ka ƙona shi, me ya rage a duniya? Sunan nan kaɗai, da hoton mai sarƙa. Shafukan da za su wanke Baba su zama toka, zagin ya zauna daram. Wannan ba tuba ba ce, ragwanta ce ta yafa mayafin tuba. Ban so rago ba, ban kuma shirya fara son sa yanzu ba.

Saurari abin da ya faru bayan gudunka, don ka san irin mutanen da ka ɓata wa.

Baffannina suka taru a zaure suka ce a mayar muku da kayanku, a fasa auren. Baba ya ce su dawo daga baya su ji amsa. Da suka watse, bayan la'asar, ya fito tsakar gida ya zauna kan buzunsa ya kira ni. Ya ce, "Ɗiyata, ɗauko abin ga da yaron ga ya rubuta, ki karanta min. In an zage ni, in ji zagin da kunnena."

Na ɗauko kwafin da ka ba ni, na fara. Inna na gefe tana tankaɗe, ta yi kamar ba ta ji. Ba mu gama a ranar ba, kullum bayan la'asar sai ya kira ni mu ci gaba. Abin da ban taɓa sani ba, Malami, shi ne Baba ba ya tuna yawancin kwanakin nan. Ya san ya yi ciwo, ya san ya warke, tsakiyar kuwa duhu ce a wurinsa, kuma ba wanda ya taɓa yi masa bayani don kunya. Daga bakinka, ta muryata, ya fara jin wadda ta bi shi. Da na kai wurin da take ajiye masa takalma a kan kwalta, ya ɗaga hannu na tsaya. Ya juya ya dubi Inna, ya daɗe yana kallonta kamar yau aka kawo masa ita.

Ya ce, "Ke, haka anka yi?"

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "An daɗe, Malam."

Ya ce, "Kullum?"

Ta ce, "To wa zai riƙa maka su?"

Mutumin da bai yi kuka a kan kabarin ɗansa ba, na ga gemunsa ya jiƙe sharkaf. Rariya ta faɗi daga hannun Inna, gari ya watse, ba wanda ya kula. Ni kuwa na rasa inda zan sa idona.

Da muka kai ƙarshe ya ce, "Yaron ga ya iya magana, amma bai san abin da ya rubuta ba. Wanga labari ba nawa ba na. Ni mi na yi? Ciwo ya kama ni, na bi titi, ko akuya ta iya hakanan. Mai labari ga ta nan zaune. Ya bar mai aiki, ya sa ma aikin sunan mai ciwo."

Ka ji, ya sanyin zuciyata? Ba muni kaɗai sunan nan ya yi ba, ƙarya ya yi. Wata da watanni kana neman suna a jikin Baba, shi ya sa ya gagare ka. Ba a can yake ba.

Da baffannina suka dawo jin amsa, Baba ya ce musu ba a mayar da komai. Ya ce wanda ya sa sunan ya yi wauta, amma wanda ya rubuta cikin ya mayar masa da kwanakin da suka ɓace masa, kuma tun da mutum ɗaya ne, sai a haɗa a riƙe. Washegari ya ɗora buhunansa a mota ya koma kasuwar Aliero, ya sauka a gaban dillalin nan, ya yi masa sallama da ƙarfi. Tsoho ya iya fita ya fuskanci masu dariya, kai saurayi kana ɓoye a ɗaki kamar ɓera ya ji motsin kyanwa!

Don haka ina roƙon ka, ya tauraron asubahina, ya raɓar da ke jiƙa busasshiyar ciyawar raina: fito. Buɗe ƙofar nan, ka yi wanka, ka ci abincin da Aminatu ke ajiye maka. Ka zo Katanga da rana tsaka, ta babbar hanya, inda kowa zai gan ka. Ka durƙusa gaban Baba, kada ka kawo uzuri, kada ka ambaci Ammar. Sannan ka nemi iso wurin Inna. Kada ka zo da suna a aljihu, ni ma ba zan ba ka ba, har wanda na taɓa so na janye. Ka zauna ka tambaye ta abin da take faɗa wa ranta a bakin titin nan lokacin da ba mai ji. Za ta ce ba komai. Za ta ce ka sha ruwa. Ka jure, ka sake tambaya, ka koma gobe. In ya ɗauke ka shekara, ya ɗauka. Littafin ba ya gudu, ni ma ba na gudu.

Kada ka ɗauka na huce. Ban huce ba. In ka zo wataƙila ba zan fito ba, in na fito wataƙila ba za ka ga haƙorina ba. Har yanzu in na tuna jajayen haruffan nan fushina sabo yake dawowa. Amma kaiconi, me zan yi da wannan zuciya mara kunya? Ina tsakiyar tsine wa aikinka, sai in ji kukan babur a ƙofar gida in miƙe tsaye. Ina cewa ba na son ganinka, idona na kan hanya kamar manomi mai duban gabas. Na nemi ƙinka a duk lungun raina kamar mai neman allura a rumbu, ƙyamar abin da ka yi na samu, kai kuwa kana nan inda na ajiye ka, ko gezau.

Gulbin Jega ya ja baya da rani ya dawo da damina, wata ya rame ya sake cika, albasa ta yi tsada ta yi araha. Ni ba na cikin masu sauyawa. Na zaɓe ka da idona biyu, na ga mafi munin abin da hannunka ya iya, kuma ga ni ina rubuta maka. Ba ni da wani bayanka, ba na neman wani, ko da za ka sa ni jira har furfura ta riga lalle zuwa.

Taho, Malami. Inna ta riga ta tambaye ni ko kana cin abinci.

Taka, cikin fushi da cikin yarda, har ranar da za a kira ni a ji shiru,

Umaima Kalilu
Katanga, Jega